Wankan Jaratu

"Sai an biya, Hajja. Ko uwata ce a ciki, sai an biya."

Ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ne ya faɗi haka, da guntuwar Hausar da ya tsinta a bakin mutanen Birik masu zuwa ɗaukar 'yan'uwansu. Ya tokare ƙofa da ƙafa ɗaya, yana magana yana duban wani wuri daban. Shekara talatin ke nan Hajja Hamsatu tana wanke matan unguwar Briqueterie, wadda ake kira Birik, in sun cika, amma ba a taɓa rufe ƙofa tsakaninta da gawa ba sai yau. Kuma ba gawar kowa ba ce a ciki, ta Jaratu ce, maƙwabciyarta ta shekara ashirin da shida, wadda bangon langa-langa ɗaya ya raba ɗakunansu.

Malam Garga, limamin ƙaramin masallacin layinsu, ya matso da murya ƙasa-ƙasa.

"Duka nawa ne, ɗana?"

"Trente et un mille." Ya ɗaga yatsu don kada a ce ba a ji ba: dubu talatin da ɗaya, kuɗin gado na kwana huɗu da ƙarin ruwa da na ajiya. "Kuma ɗan'uwanta na jini ne zai sa hannu, da katinsa. In ta kai ƙarfe biyu a nan, sai na yi mata allurar formol, mai hana gawa ruɓewa. Haka muke yi wa duk wanda zai kwana."

Hamsatu ta dafa bango. Wannan allurar ce Jaratu ta fi tsoro fiye da mutuwar kanta. 'Yar ƙabilar Ewondo ce, an haife ta da suna Bernadette, ta musulunta ta auri Nu'man mahauci, danginta suka juya mata baya. Da idonta ta ga uwarta ta yi sati shida a cikin sanyin ɗakin gawa ana jiran a haɗa kuɗin bikin binnewa, aka fito da ita baƙi ƙirin, jikinta ya sandare. Shekaranjiya, a kan gadon asibiti, ta riƙe hannun Hamsatu da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Yaya, ki yi mini alkawari. Kada hannun namiji ya taɓa ni, kada su ɗura mini ruwan nan. Ke za ki wanke ni, a ɗakina."

Ta yi alkawarin. Yau da asuba ta ce bari ta je gida ta damo mata kunu, kafin ta dawo har an naɗe katifa an gangara da Jaratu. Kunun yana nan a hannunta har yanzu, ya huce, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Suka raba aiki a bakin asibiti. Malam Garga zai bi masallaci da rumfunan mahauta, ita kuwa za ta bi dangi. Ko a shekarun da ake da wadata dubu talatin ba wasa ba ce, balle bana. An zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, sannan wata uku da suka wuce aka karya darajar sefa, mutum ya kwanta da kuɗinsa ya tashi sun zama rabi. Mahautan Birik da a da suke yanka shanu biyar kafin hantsi, yanzu uku suke haɗuwa a kan saniya guda, a wuni ana korar ƙuda.

Ta fara da unguwar Ekoudou, shagon Alhaji Njidda, ƙanin marigayi Nu'man. Ta same shi a kan kujera yana ɓamɓare tsohon farashi daga jikin shaddodi yana liƙa sabo. Shi Alhaji Njidda irin mutanen nan ne da ba su taɓa rasa sahun gaba a masallaci ba, in kuwa aka zo zancen aljihu sai ka neme shi a sahun takalma. Ya ji labari, ya yi salati mai tsawo, har da share ido.

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma Hajja, ki duba mana. Yaya Nu'man yau shekara shida da rasuwa. Ta yi takaba ta gama, babu ɗa babu jika. Igiya ta tsinke. Tana da danginta a garin nan."

"Igiyar aure ta tsinke, ta Musulunci fa, Alhaji? Bobolo, ƙullin rogon nan da kake aikowa ta naɗe maka duk Juma'a ba ka taɓa biya ba, shi bai tsinke ba?"

"Hajja, ba ki san halin da kasuwa take ciki ba. Kayan nan da kike gani ba nawa ba ne."

Ya daɗe yana lalube a aljihu, kai ka ce kunama ce a ciki, sannan ya zaro takardar dubu ɗaya ya ce a sa masa a sadaka. Zuciya ta ce mata ta watsa masa abinsa a fuska. Ta haɗiye, ta karɓa ta ƙulle a bakin zani, don yau ba ranar zuciya ba ce. Ko sallama ba ta yi masa ba ta fita.

An yi ruwa da daddare, hanyar unguwar Nkomkana duk jan laka ce mai kama takalmi. Ba ta hau taksi ba, da ƙafa ta hau tudun nan tana haki tana tambaya, har aka nuna mata gidan Musye Owona, wan Jaratu. Sau ɗaya ta taɓa ganinsa, ranar da Nu'man ya rasu, ya tsaya daga nesa bai shigo ba. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, amma ga shi ranar Talata da hantsi yana zaune a baranda, rigarsa ta sha guga, yana karanta jaridar makon jiya.

Da Faransancinta na kasuwa ta faɗa masa. Ya ajiye jaridar a hankali, ya cire tabarau ya mayar, bai yi kuka ba. Da ya buɗe baki sai ya yi magana kamar yana karanta takardar ofis.

"Madam, a wurinmu ba a binne mutum rana ɗaya kamar kaza. Bernadette za ta jira a ɗakin ajiye gawa. Zan tara dangi, mu yi mata akwati, mu kai ta ƙauye kusa da uwarmu."

"Yaushe, Musye?"

"In an yi albashi."

"Yaushe za a yi?"

Ya mai da idonsa kan jaridar. Ƙofar falo a buɗe take, idon Hamsatu ya faɗa ciki ba da niyya ba. Ta ga tabon ƙafafu huɗu a siminti inda firji ya taɓa tsayawa, ta ga teburin talabijin babu komai a kai sai ɗan ƙyalle da aka saƙa. Murhu a tsakar gida ko toka mai ɗumi babu. Ta hau tudun nan da fushi cike da ciki, ta shirya masa maganganu masu zafi tun daga ƙasa, sai ta ji duk sun zube. Mutumin nan ba ƙi ya yi ba, babu ce ta sa masa rigar ƙi, kuma in aka bi tasa Jaratu za ta kwana a sanyin nan har ranar da ba wanda ya sani.

"Musye, ban zo karɓar kuɗinka ba. Hannunka na zo aro, da katinka."

"Kina so in tsaya a gaban jama'a in ce ni ne wanta, baƙi su biya mata?" Ya dafa ƙirji. "Shekara ashirin da biyu ina aiki, Madam. Yau ko kuɗin taksin da zai kai ni wurin gawar ƙanwata ba ni da shi."

"Ba wanda zai gani. Tun daga waje zan sa su a hannunka, kai za ka miƙa. Amma a yau za a binne ta, irin yadda ta roƙa. Ta ce kada a yi mata yadda aka yi wa mamanku."

Da ya ji an ambaci uwarsu sai ya kau da kai, ya daɗe yana duban kwatar da ke gudu a gaban gidan.

"Tana maganata kuwa?"

"Tana yi. Yawanci da fushi."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari, ya goge fuska da tafin hannu, ya ce zai same ta a asibiti ƙarfe ɗaya da rabi. Ta gangaro daga tudun tana jin nauyin abin da ta yi, don ta yi alkawarin kuɗin da ba ta san inda za su fito ba.

Ana kiran azahar ta iso Birik. Malam Garga yana zaune a ƙofar masallaci da hularsa a cinya, cike da sulalla da tsofaffin takardu masu maiƙon nama. Teloli sun yanko farin yadi sun ɗinka likkafani ba su karɓi ko sisi ba. Mahauta sun ba da motarsu ta ɗaukar nama, har an wanke ta da sabulu an shimfiɗa tabarma. Matasa sun tafi haƙa kabari. Amma abin da ke cikin hular, ko an haɗa da dubun Alhaji Njidda, bai kai rabi ba.

"Mutane sun yi iyakar yinsu, Hajja," in ji shi, bai iya dubanta ba. "Mu bari zuwa gobe, bayan sallar asuba in sake tashi in yi magana. Allah ya ga niyyarmu. Abin da aka yi wa gawa ba da sonta ba, babu laifi a kanta."

"Ita babu laifi a kanta, Malam. Ni ce na yi alkawari."

Ta karɓi abin da aka tara, ta bi lungun da ke bayan masu suya, inda hayaƙi yake sa ido hawaye, har rumfar Idris maƙerin zinariya. Ta zauna a kan bencinsa ba tare da an ce ta zauna ba, ta ɗaga leɓenta na sama da yatsa. Haƙoran Makka guda biyu suka yi walƙiya. Marigayi mijinta ne ya sa aka sa mata su shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da fataucin shanu yake da albarka har ya kai su aikin hajji tare. Bayan rasuwarsa komai ya tafi, gado da tasoshi da keken ɗinki, su kaɗai suka rage.

"Cire su, Idris, ka auna."

"Subhanallahi! Hajja, haƙoran Makka fa?"

"Makka tana nan inda take. Yi sauri, rana na tafiya."

Abu ɗaya tak da karyewar sefa ta yi wa talaka shi ne ta ninka kuɗin zinariya, ga wanda yake da ita. Idris ya wanke ɗan awartakinsa, ya yi bisimilla, ya kama na farko yana girgizawa a hankali. Na farkon ya fito ba gardama. Na biyun ya riƙe, sai da ya tafi da ɗan dasashi, ta ji gishirin jini a baki, ta damƙe gefen benci. Abin da ya rage a ƙasa wasu 'yan guntayen haƙora ne da aka goge tun a can, sun yi baƙi, iska tana taɓa su ta ji har cikin kwanya. Ya ɗora zinariyar a sikeli, ya faɗi abin da ta kai, saura kaɗan ta cike. Ya dube ta, ya dubi jinin da ke bakin mayafinta, ya buɗe akwatinsa ya cike da nasa. Ta ja mayafi ta rufe baki. Ciwon bai dame ta kamar kunyar ba, da kuma jin cewa yau ta sake binne mijinta.

Wannan karon ta hau taksi. Ta tarar da Musye Owona a gindin mangwaron da ke harabar asibiti, ya sa kwat, takalminsa duk laka, alamar da ƙafa ya zo. Ta matsa kusa kamar mai gaisuwa ta cusa masa ƙullin a hannu. Ya shiga layi, ya miƙa kati, ya sa hannu da alƙalaminsa na aljihu, aka buga hatimi aka ba shi rasit. Yana tafe yana karantawa irin ta akawu, layi bayan layi, sai ta ga ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin gawa, ya sake duban takardar, sannan ya ninke ta huɗu ya tura a aljihun ƙirji.

"Lafiya, Musye?"

"Lafiya, Madam. Sunanta ne ba su rubuta daidai ba."

Agogon bango ya nuna biyu saura minti goma lokacin da aka turo Jaratu naɗe cikin zanin gadonta. Hamsatu ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har ƙafa, ta yi ta hamdala a cikin mayafi. Ta hau bayan motar mahauta ta zauna kusa da kan ƙawarta, duk ramin da suka faɗa sai ta tare shi da hannu.

A ɗakin Jaratu aka yi wankan, kamar yadda ta roƙa. An ture tulin ganyen naɗe bobolo gefe, an kwantar da ita a kan katako. Ramatu, matar telan da ke gidan gaba, ita ce mai zuba ruwa. An jiƙa ganyen magarya, an daka kafur. Hamsatu ta lulluɓe gawar da zani daga wuya zuwa ƙafa, ta naɗe hannunta da tsumma, ta sunkuya daidai kunnenta.

"Na kawo ki gida, ƙawa. Ni ce, kada ki ji komai."

Ta yi mata alwala, ta wanke kai, ta fara da ɓangaren dama tana bi a ƙarƙashin zani. Jikin ya yi mata tauri fiye da yadda ta saba, ta ce a ranta sanyin wurin ne. Da hannunta ya kai cinya, can sama, sai tsumman ya sarƙe da wani abu. Ta tsaya. Ta sake bi da yatsa a hankali. Ɗinki ne, da zare mai kauri, ƙulli uku, naman gefensa ya yi ƙarfi kamar ɗanyen rogo. Ta ɗan ɗaga bakin zani ta yadda ita kaɗai za ta gani. Wurin ya bushe sarai. Ba aikin awa ɗaya ko biyu ba ne, tun da safe aka yi shi, tun kafin su tsaya a ƙofar nan suna roƙo.

Ɗakin ya juya mata. Duk wunin nan da ta yi tana tsere da ƙarfe biyu, ashe babu abin da ya rage da za ta tsere wa. Ta so ta kurma ihu, ta so ta koma asibitin nan da ƙafa ta shaƙe ma'aikacin nan a gaban kowa.

"Yaya Hajja, wannan wari fa?" in ji Ramatu tana yamutsa hanci, buta a hannu.

Mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Haka tsohuwar da ta koya mata ta ce tun ranar farko, abin da ke ƙarƙashin zani tsakaninki ne da Allah. In ta faɗa, kafin magariba duk Birik ta ji, kuma duk ranar da aka tuna Jaratu da shi za a tuna ta.

"Warin asibiti ne. Ƙaro kafur, ki zuba a hankali."

Ta wanke wurin sau uku kamar sauran jiki, ta tsane shi, ta ɗora auduga ta danne. Ba ta sake yi wa ƙawarta magana ba, don ba ta san me za ta ce mata ba. Suka tufke gashin gida uku, suka sa likkafani, suka ɗaure, ta yayyafa turaren da ya rage duka.

Da ta ɗaga labule maza sun cika layin. Malam Garga ya matso bakin ƙofa.

"An dace ko, Hajja? Mun riga mai allurar?"

Ta gyara mayafin da ke bakinta.

"An yi mata sutura, Malam. Ku ɗauka."

"Alhamdu lillahi. Allah ya saka miki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa nata."

Aka fito da makara, aka ja sahu a kan titi, har Alhaji Njidda ya iso da sabuwar shadda ya kutsa gaba. Musye Owona yana zaune shi kaɗai a kan benci can gefe, tsakanin takalman masu salla. Ya ɗago ya dube ta, hannunsa a kan aljihun ƙirji, bai tambaye ta komai ba. A nan ta gane abin da ya karanta a takardar nan. An rubuta allurar a cikin lissafi, da kuɗin haƙoranta ya biya ta, ya ninke ya ɓoye don kada ta sani. Suka dubi juna na ɗan lokaci, shi ya fara sunkuyar da kai. Da aka sallame aka ɗaga makara, ya miƙe ya gyara kwat ɗinsa, ya bi bayan jama'a, shi ne na ƙarshe.

Layin ya yi tsit. Hamsatu ta kinkimi bahon ruwan wanka ta kai bayan ɗaki, ta juye a ramin da aka haƙa, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe. Ta wanke hannu da sabulu, ta shinshina, ta sake wankewa, ta sake. Warin yana nan a ƙarƙashin kafur. Ta dawo ta zauna a dokin ƙofar Jaratu, ta ɗora hannuwan a kan gwiwa, tafin yana duban sama, ta bar su su bushe.